Fam: Kuɗin Ingila da Ya Ci Kasuwar Maraɗi

Fam kuɗi ne da ya samo asali a Ingila, kuma shi aka kashe a Najeriya tun farkon ƙarni na 20 har ƙarshen 1972. A Cadakori da sauran ƙauyukan Gidan Runji, Agye da Gazawa, a yankin Maraɗi na Nijar, bai taɓa zama kuɗin hukuma ba, domin yankin ya faɗa hannun Faransa ne. Duk da haka ya daɗe yana juya farashin gyaɗa da atamfa a waɗannan kasuwanni.

Asalinsa ma'aunin nauyi ne da Turai ta gada daga Rumawa. A ƙarshen ƙarni na 8 Sarki Sharlaman ya tsara cewa daga laba ɗaya ta azurfa za a buga ƙananan tsaba 240, Ingila kuma ta bi wannan lissafi tun zamanin Sarki Offa. Nauyin da kuɗin suka ci gaba da amsa suna ɗaya a bakin Turawan Ingila. Bahaushe kuwa ya raba su: fam na aljihu, laba ta sikeli, wadda ta ɗan haura giram 453. Da laba masu sayen auduga na Zariya suke yanka farashi a da. A ɓangaren Nijar kilo ne a kan sikelin kamfani, a kasuwa kuma tiya ce ke aiki har gobe. Ita Faransa ta yar da nata tsohon kuɗin na laba tun 1795 ta koma faran, shi ya sa Turawan biyu suka iso ƙasar Hausa da lissafi iri biyu.

Kafin zuwansu wuri ne kuɗi. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana cin wuri wajen 2,500, kuma wuri 20,000 shi ne jaka. Turawan Ingila sun fara sako kwabo mai huji a 1907, suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, sulallan azurfa suka fito a 1913, takardu kuma a 1916. Abin da ya tilasta wa talaka karɓar sabon kuɗin shi ne haraji, tun da Bature ya ƙi wuri.

Lissafin ba na rago ba ne. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, wato kwabo 240 ke nan, daidai da tsabar azurfar nan ta zamanin Sharlaman. A tsakani akwai sisi mai kwabo shida, taro mai uku, ahu mai ɗaya da rabi, sai anini wanda goma ke yin kwabo. Mai tallan ƙosai da ba ta taɓa shiga aji ba tana warware wannan da ka kafin mai saye ya gama kwance bakin zanensa. Shi fam ɗin kansa ba kowa ke ganinsa ba. Kuɗin fatake ne da dillalan gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955.

Yadda fam ya tsallako arewa ba abin mamaki ba ne. Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta raba dangi da kasuwa ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai cika kilomita 100 ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya mafi sauƙi da gyaɗar Maraɗi za ta bi zuwa teku ita ce ta Kano da Legas, kuma haka aka yi ta yi sai a 1953, lokacin da Faransa ta karkatar da kayan zuwa Kwatano ta Faraku. Manomi yakan duba inda farashi ya fi tsoka, ya ɗora wa jaki buhu ya nufi can. Samari ƴan cin rani su dawo da sulalla a ɗaure a lalita, su canza abin da zai biya haraji zuwa faran, sauran su saya wa gida goro da kananzir da turmin atamfa. A cikin wannan kai da komo sana'ar ƴan canji ta yi ƙarfi, kuma cinikin ƙetare iyaka na daga cikin abin da ya gina arzikin Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986.

A ɓangaren Nijar sefa ta karɓi wurin faran ranar 26 ga Disamba 1945. Babban Bankin Najeriya ya fitar da fam nasa na kansa a 1959, aka sake takardun a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, don a kashe darajar waɗanda ke hannun Biyafara. Ingila ta daina lissafin sule a 1971. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta karɓi wurin fam, naira biyu a fam ɗaya.

Sunayen dai ba su mutu tare da takardar ba. Dattawa a Katsina da Kano sun daɗe suna kiran naira biyu fam, kobo goma kuma sule. Jaka ce ta fi kowa yawo: daga wuri 20,000 ta koma fam 100, daga nan ta zama naira 200, alhali a Cadakori jikka sefa 1,000 ce, kamar yadda dala take sefa biyar. Saboda haka mai ciniki a Jibiya ko Ɗan Isa ba ya sallama tunkiya a kan jaka goma sai ya tabbatar da kuɗin wace ƙasa ake magana.