Karen Neptune da Tarihin Borin Jini

A watan Fabrairun 1902, a wani ɗakin gwaji da ke birnin Paris, aka yi wa wani kare mai suna Neptune allurar dafin wata halittar teku. Kimanin makonni uku kafin nan an yi masa irinta, ya warware sarai. Wannan karon kuwa, ko minti ɗaya ba a yi ba numfashi ya gagare shi, ya zube ta gefe yana aman jini da gudawa. Cikin minti 25 ya mutu.

Malaman da suka yi masa allurar, Charles Richet da Paul Portier, rigakafi suke nema. A shekarar 1901 Yarima Albert na Monaco ya ɗauke su a jirgin ruwansa, Princesse Alice II, zuwa wajajen tsibiran Cape Verde, don su nazarci wata halitta mai yawo bisa ruwa kamar balan-balan, mai dogayen zaruruwa da ke harbin masu iyo. Da suka koma gida suka ci gaba da aikin da dafin 'yar'uwarta mai mannewa a duwatsu. Lissafinsu na zamanin Pasteur ne: a ba jiki guba kaɗan, ya saba, ya yi ƙarfi. Sai ga shi allurar farko ta buɗe wa ta biyu ƙofar kisa. Suka raɗa wa abin suna anafilaksis, wato kishiyar kariya. A 1913 aka ba Richet kyautar Nobel shi kaɗai, aka tsallake Portier, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a riƙa wuce shi shiru ba.

Bahaushe ya san ƙanen wannan cuta. Idan jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi bayan cin wani abu, sai a ce borin jini ne. Idan magani ne ya jawo, a ce bai karɓe shi ba. A maganar akwai basira, domin ta ɗora al'amarin a kan jinin mutum, ba a kan ƙwai ko kifin da kowa ya ci ya kwana lafiya ba. Likitoci sun daɗe kafin su iso nan.

Tun ƙarni na 10, Abubakar Ar-Razi, babban likitan Rayy da Bagadaza, ya rubuta risala kan dalilin da ke sa malami Abu Zaid Al-Balkhi mura duk lokacin da wardi ya yi fure. A 1819 John Bostock ya bayyana wa likitocin Landan irin murar da ke kama shi kansa kowace shekara in an shiga watan Yuni, ga atishawa, ga idanu jajir. Shekara tara ya yi yana cigiya, mutum 28 kacal ya samu masu irin ciwonsa, ya kuma ɗora laifin a kan zafin rana.

Wanda ya kamo bakin zaren shi ne Charles Blackley, likita a Manchester, wanda shi ma murar ta addabe shi. Da jikinsa ya yi gwajin. Ya shaƙi ƙurar furannin ciyayi iri-iri, ya sa ta a ido, ya karce fatarsa ya goga ta a wurin, nan take wajen ya kumbura yana ƙaiƙayi. Gwajin fata da asibitoci ke yi yau jikan wannan karcewar ne. Bai tsaya nan ba: ya shafa wa ƙananan gilasai abu mai danƙo, ya ɗaura su a jikin irin takardar nan da yara ke sakar wa iska da zare, ya tura su sama, sa'annan ya sauko da su ya ƙirga ƙwayoyin ƙurar a madubin likita. Ya gano iska na ɗaukar ta can sama ta kai ta nesa, shi ya sa ɗan birni da bai taka gona ba yake atishawa. Littafinsa ya fito a 1873.

Sunan da duniya ke amfani da shi yau kuwa daga ɗakin jinyar yara ya fito. A Vienna, Clemens von Pirquet yana kula da yaran da ake yi wa allurar ruwan jinin doki don ceto su daga cutar mashaƙo da makamantanta. Maganin yana aiki, amma bayan mako guda ko fiye wasu sukan yi zazzaɓi, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Yaron da aka sake yi wa allurar kuwa, abin yakan taso masa da gaggawa. Pirquet ya fahimci jiki yana tuna baƙon da ya taɓa gani, kuma sojojin da ke tsaron sa su ne ke ɓarnar. A 1906 ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ya samar da alaji, wato martanin da ya sauya.

Sauran bayanin ya biyo a hankali. A 1910 Henry Dale ya nuna aikin sinadarin histamin, mai kawo kumburi da matse hanyar numfashi. A 1937 aka samu magani na farko mai tare shi, kakan su Piriton. Sai a 1966 da 1967 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da wasu masu bincike a Uppsala ta Suwidin, suka gano ƙwayar garkuwar da ke kunna wutar, wadda aka sa wa suna IgE.

Labarin jinin doki bai ƙare a Vienna ba. Maganin dafin maciji har gobe daga jinin doki ko tunkiya ake tace shi, kuma irinsa ake ɗura wa manoman da kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo na jihar Gombe. Yana ceton rai, amma jikin wasu yakan yi masa bore irin na Neptune. Piriton ba ya tare wannan. Abin da ke tarewa allurar adrenalin ce a tsokar cinya, ba tare da jinkiri ba. Saboda haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zuƙo adrenalin a sirinji a ajiye shi kusa, kafin ɗigon farko na maganin dafin ya shiga jijiyar majinyaci.