Yadda Kiɗan Soul Ya Biyo Hanyar Tiga

Dattijon da ke zaune yau a Burumburum ko Tudun Wada, in ya yi makarantar kwana a farkon shekarun 1970, da wuya a ambaci James Brown bai gyaɗa kai ba. Abin tambaya shi ne, ta ina kiɗan baƙaƙen fatan Amurka ya ɓullo har ya iso ƙasar da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos suka riga suka mallaka?

Tushen abin yana Legas. A tsakiyar shekarun 1960 wani mawaƙi ɗan Saliyo, Geraldo Pino, ya sauka can da ƙungiyarsa Heartbeats da kayan sauti masu ƙarfi, yana rera waƙoƙin soul irin na James Brown. Fela Kuti da bakinsa ya sha faɗin yadda mutumin ya girgiza shi. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Yawancin makaɗan highlife mutanen Gabas ne, suka tattara suka koma gida, gidajen rawa na Legas da Kaduna da Sabon Garin Kano suka zama fili. Soul ya shige wannan gurbi. A shekarar ce Aretha Franklin ta fitar da "Respect", a Disambarta kuma Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama. Da James Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970, ya tarar samari sun daɗe da haddace rawarsa.

Kano ba a bar ta a baya ba. Ƙungiyar Elcados, wadda kamfanin EMI ya buga wa faifai, a nan ta tashi, tana gauraya jitar rock da kiɗan gida. Amma wannan harkar birni ce. Kudancin jihar ya samu rabonsa ne a makare, kuma a ganina aikin Audu Bako ne ya share wa kiɗan hanya ba tare da ya nufa ba. Shi ne gwamnan farko bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ya gina madatsar Bagauda da otal a gefenta, sannan aka kama aikin madatsar Tiga a ƙasar Bebeji daga 1971 zuwa 1974. Injiniyoyi da direbobi da akawu suka cika yankin, kowa da akwatin rediyonsa. Ga sojoji da suka dawo daga fagen fama da sabon kunne. Ga 'yan kwaleji da ke zuwa hutu da gashin afro, da matajin ƙarfe a soke a ƙeya, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa.

Wanda ya ga zaman ba ya mantawa. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, a fito da garmaho mai batir, a hure ƙura daga faifan, a ɗora allura a hankali kada ta karce shi. Batir ya yi sanyi, gobe a shanya shi a rana. Kaɗan ne ke jin Turancin, amma gangar da ihun mawaƙin ba sa neman tafinta. Dattawa na kiransa kiɗan 'yan boko, wasu su ce shashanci ne. Ni dai ina ganin samarin nan sun ji wani abu na gaske: muryar baƙar fata mai alfahari da kanta, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai.

Sai dai soul bai taɓa ture Shata ba. Manomin Kiru ko Doguwa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna yake jira, waƙoƙin fina-finan Indiya ma sun fi soul shiga gidaje nesa ba kusa ba. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ƙara yawan rediyo da garmaho a hannun ma'aikata, amma kafin shekarun su ƙare kaset ya kori faifai, disko da reggae suka karɓi tashe. Otal ɗin Bagauda kuwa, inda ma'aikata ke zuwa shaƙatawa a ƙarshen mako, yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ne.