Kafin Ka Rataya Kwamfuta a Bango, Ka Ji Tarihinta

Kwanakin baya wani bawan Allah ya zo shagona a nan Dutsi, ya nuna min bidiyon wani gida a Turai. An manna kwamfuta a bangon falo, yara na taɓa ta da yatsa. Ya ce shi ma irinta yake so, amma kuɗinsa ba su da yawa. Na san kai ma wataƙila abin ya taɓa burge ka. To kafin ka cire kuɗi, bari in ba ka tarihin abin, domin a cikinsa amsar take.

Gilashin da muke taɓawa, wanda mu masu gyara muke kira "tach", ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1965 wani injiniya mai suna E.A. Johnson, a cibiyar binciken rada da ke Malvern a Ingila, ya bayyana gilashin da ke jin yatsa ta hanyar 'yar wutar da ke jikin mutum. Masu kula da zirga-zirgar jiragen sama aka yi wa shi. A shekarun 1970 kuma Samuel Hurst na Amurka da kamfaninsa Elographics suka kawo wani nau'in mai shimfiɗa biyu, wanda sai ka danna sun haɗu kafin ya amsa. Idan ka tuna wayoyin Chana na da masu ɗan tsinke a gefe, to irinsa ne. Na Johnson kuwa shi ne kakan tach ɗin wayar da ke hannunka yanzu.

Daga nan HP ta fitar da kwamfutar HP-150 mai taɓawa a 1983, IBM ta fitar da wayar Simon a 1994, iPhone ta zo a 2007, iPad a 2010. Mu a Najeriya sai a watan Agustan 2001 aka fara GSM, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Da Tecno, Itel da Infinix suka cika kasuwa, tach ya shiga har ƙauyukanmu. Yau mai POS da shi yake aiki, haka na'urar BVAS da aka tantance mu da ita a zaɓen 2023.

Amma fa ita kwamfutar gida ta musamman, tarihinta cike yake da gawarwaki. A 1969 an tallata kwamfutar kicin ta Honeywell a Amurka a kan sama da dala 10,000, don matan gida su riƙa adana bayanan girki. Ba ta da tach, kuma sai an yi kwas na mako biyu kafin a iya sarrafa ta. Ba ta samu kasuwa ba. A 2000 kamfanin 3Com ya fito da Audrey, mai tach, a kan dala 499, don iyali su riƙa duba saƙo da kalanda. A 2001 aka daina yin ta. Facebook ma da duk kuɗinsu sun fitar da Portal a 2018 don kiran bidiyo a gida, a 2022 suka sanar sun haƙura. Amazon ta fitar da Echo Show 15 a 2021, mai inci 15.6, wadda dama don bango aka yi ta. Tana da kyau, amma rayuwarta na kan intanet mai tsayawa dare da rana, kuma Alexa ɗin da ke cikinta ba ta jin Hausa.

Ka ga darasin? Na'urar da aka ƙera don aiki ɗaya, ranta na hannun kamfani. Ranar da suka juya mata baya, kai ka zama mai madubi mai tsada a bango. Ita kuwa tabulet ɗin Android ta yau da kullum, wadda ba a yi ta don bango ba, ita ce ta rayu, saboda ko ina akwai kayanta da masu gyaranta. Don haka shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi: sayi tabulet, ka rataya ta da kanka.

Ga abin da za ka duba. Na farko, ka zaɓi wadda ake samun tach ɗinta da batirinta a Farm Centre ta Kano ko wajen masu kayan waya a Katsina. Kafin ka biya, kira mai gyaranka ka faɗa masa lambar samfurin. Idan ya ce bai taɓa ganin skirin ɗinta ba, ajiye ta, komai arharta.

Na biyu, ta zama mai ɗaukar layi, tunda yawancin gidajenmu babu wayfay. Na uku, ka tabbatar akwai Play Store. Tabulet ɗin Amazon Fire ba sa zuwa da shi, haka na Huawei da aka yi bayan takunkumin Amurka na 2019. Na huɗu, RAM kada ya gaza 3GB, ma'ajiya kuma 32GB zuwa sama, inci 10 ya isa falo.

Idan ta hannu ce, ka ja yatsa a kowace kusurwa ka ga ko akwai inda ba ya amsawa. Ka jona caja ka zuba ido ko tana danna kanta. Ka sa mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, in ba haka ba wata rana za ta kulle ka waje.

Sai maganar bangon kansa. Babban makiyin batir shi ne zafi, mu kuma a watan Afrilu zafinmu yana wuce digiri 40. Batirin da aka bari a caji kullum cikin zafi yana kumbura, ya ture skirin, wani lokacin har ya kama wuta. Na sha karɓar irinsu a shago. Don haka kada ka rataya ta inda rana ke bugawa ko kusa da murhu. Ka sa mai walda ya yi maka firam mai sararin iska ta baya, wanda za ka iya zare ta ka kaɗe ƙurar hunturu. Wasu na Samsung suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 85, kunna shi. In babu, ka riƙa cire caja idan ta cika. Ƙaramar sola ma ta isa ta riƙe ta.

Mutumin nan dai a ƙarshe tabulet ta hannu ya saya, mai walda ya yi masa firam. Yanzu a kanta yaransa ke sauraron karatun Alƙur'ani, a kanta suke kiran ɗan uwansu da ke Legas. Ragowar kuɗin ya sa data.

Idan kana da wanda ke shirin sayen irin wannan, tura masa ya karanta kafin ya shiga kasuwa. Allah Ya sa mu dace.