Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, rumbunan makamai na Ingila suna cike maƙil da bindigogi. Yawancinsu Lee-Enfield ne, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe har ƙasar Bama. Harsashi goma take ci, kuma sai an ja ƙarfenta da hannu bayan kowane harbi.

A cikinsu akwai waɗansu zaɓaɓɓu. Tun daga 1942 akan ware waɗanda suka fi saiti wajen gwaji, a aika wa maƙeran Holland & Holland a Landan, su ɗaura musu madubin hangen nesa. Fiye da 20,000 aka gyara haka, aka kira su No. 4 (T). Waɗannan na maharban ɓoye ne, wato sojan da ke laɓewa shi da abokinsa, yana jiran mutum guda daga nesa. Irin wannan soja ransa yana rataye da bindigarsa, gama in harbin farko ya kuskure, ya tona maɓoyarsa.

A 1954 ƙasashen ƙawancen NATO suka amince da sabon harsashi mai milimita 7.62. Ba da daɗewa ba Ingila ta ba sojojinta sabuwar bindiga mai ɗura kanta, amma maharbi ba a yi masa kome ba. Ya ci gaba da tsohuwarsa da tsohon harsashi. Ƙera sabuwa dominsa kuwa sai da kuɗi, ga shi maharban ba su da yawa. Don haka aka koma rumbu.

Gwajin farko bai ba da sha'awa ba. Aka sa wa waɗansu tsofaffin bindigogi sabon bututu siriri kamar na dā, aka kira su L8, amma saitinsu bai kai yadda ake so ba. Ashe maganin yana hannun farar hula. Masu gasar harbi a filin Bisley sun riga sun gane cewa in aka sa bututu mai kauri, aka datse katakon gaba don kada ya matse shi, harsashi yakan bi hanya guda. Dalili kuwa, katako yakan kumbura da laima ya tanƙware bututu, ko da ido bai gani ba. Kaucewa kamar silin gashi a bakin bindiga takan zama babbar tazara a nisan mita ɗaruruwa.

Sojoji suka ɗauki wannan dabara. A 1970 da 1971 masana'antar makamai ta Enfield ta gyara No. 4 (T) sama da 1,000. Aka canza bututu da gidan harsashi, aka daidaita tsohon madubi da sabon harsashi, aka raɗa mata suna L42A1. Ta yi aiki a Oman da Ailan ta Arewa.

Amma faci ba ya mai da riga sabuwa. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982, cikin sanyi da ruwa, maharba suka yi kukan cewa raɓa tana rufe madubin nan na zamanin yaƙin Hitila. Soja ya sha wuya ya kai maɓoya, ya ɗaga bindiga, hazo kaɗai yake gani. Kuɗin da hukuma ta yi tattalinsa shekara da shekaru, shi ne ya biya.

A 1985 aka zaɓi L96A1, wadda tun daga tushe domin maharbi aka ƙera ta. Wani ƙaramin kamfani ne ya yi ta, kuma cikin waɗanda suka kafa shi har da Malcolm Cooper, gwanin gasar harbi da ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1984. Tsohuwar zuma ta yi magani har shekara goma sha biyar, amma dai ba a fafe gora ranar tafiya.