Amurka: lasisin likitan awon ido na tsayawa a iyakar jaha

Likitan awon ido da ke aiki a jahar Oklahoma ta Amurka yana da izinin ɗaukar na'urar lesa ya share dusashin da kan dawo a idon wanda aka cire wa yana. Idan ya ƙetara kogin Red River ya shiga Teksas, wannan aiki ya haramta gare shi, kuma ko awon tabarau ba zai yi ba sai ya nemi sabon lasisi. Karatun da ya yi yana nan, ciwon ma bai canza ba. Doka ce ta canza, domin a Amurka gwamnatin tarayya ba ta ba ma'aikacin lafiya izinin aiki. Kowace daga cikin jahohi 50, da gundumar babban birni Washington, tana da dokarta da hukumarta.

Ma'aikata uku a kan ido ɗaya

Ana yawan cakuɗa sana'o'i uku. Akwai babban likitan ido mai yin tiyata, wanda da Faransanci ake kira ophtalmologiste. Shi cikakken likita ne, ya yi shekara 4 a makarantar likitanci bayan digirin farko, sannan ya ƙara wasu 4 yana ƙwarewa a asibiti. Akwai mai haɗa tabarau, wato opticien. A tsakaninsu ne likitan awon ido yake, optométriste. Bayan karatun jami'a yana yin shekara 4 a makaranta ta musamman, ya fito da digirin dakta na awon ido. Yana auna gani, yana rubuta tabarau, yana gano cututtuka, yana ba da magani. Irin waɗannan makarantu sun haura 20 a ƙasar.

Wanda ya saba da tsarin Faransa zai ga abin baƙo, don a can dokar lafiya ba ta san wannan sana'a a matsayin mai zaman kanta ba. An raba aikin tsakanin babban likita da mai motsa jijiyoyin ido da mai haɗa tabarau. Kada kuma a rikita lasisi da lisans ta jami'a: lisans shaidar karatu ce, lasisi kuwa izinin taɓa majinyaci ne. Najeriya ma tarayya ce, amma ta zaɓi hukuma guda ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, kuma rajistarta na aiki daga Sakkwato har Legas.

Inda rabuwar ta samo asali

Tsarin mulkin Amurka, a gyara na 10, ya bar wa jahohi duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba, kuma kula da lafiyar jama'a na ciki. Kotun ƙoli ta tabbatar a 1889 cewa jaha na da hurumin gindaya sharaɗi ga mai son aikin likita. Jahar Minesota ce ta fara yin dokar awon ido a 1901, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har gundumar Washington ta rufe layi a 1924.

A 1955 kotun ƙoli ta sake yanke wani hukunci da ya shafi ido kai tsaye. Wani kamfanin tabarau mai suna Lee Optical ya ƙalubalanci dokar Oklahoma da ta hana mai haɗa tabarau saka gilashi a sabon firam ba tare da takardar likita ba. Alƙalai suka ce ko da dokar ta zama ɓata lokaci da kuɗi a wasu lokuta, majalisar jaha ce ke da alhakin auna amfaninta da illarta. Tun daga nan aka san inda ake kai ƙorafi: zauren majalisar dokokin jaha.

Sharuɗɗan samun lasisi

A matakin farko jahohi sun kusa zama baki ɗaya. Dukansu na neman digiri daga makarantar da aka amince da ita, kuma suna dogara da jarrabawar wata hukuma mai zaman kanta, NBEO, da ke birnin Charlotte na jahar Karolina ta Arewa. Jarrabawar kashi uku ce: ilimin tushe, sannan gano cuta da kula da majinyaci, sannan gwajin aiki da hannu, wanda ɗalibai daga ko'ina suke tafiya Charlotte su yi.

Daga nan hanyoyi ke rabuwa. Jahohi da dama, ciki har da Kaliforniya da Teksas, suna ƙara jarrabawa a kan dokokinsu na cikin gida. Wasu na sake gwada hannun mutum da kansu. Wasu na neman zanen yatsu da binciken tarihin laifi. Bayan an samu lasisin ma ba a huta ba, sai an riƙa sabunta shi, a wata jaha kowace shekara, a wata bayan shekara 2 ko 3, tare da shaidar darussan ƙaro ilimi. Kaliforniya na neman awa 50 cikin shekara 2 ga mai izinin ba da magani, Filorida kuwa awa 30. Wanda ke riƙe da lasisin jahohi biyu yana biyan kuɗi sau biyu, yana kuma bin jadawali biyu.

Abin da lasisin ya yarda a yi

Babban bambancin yana nan. Har zuwa 1970 likitan awon ido ba shi da izinin ɗiga ko wane magani a ido. Jahar Rhode Island ce ta fara ba shi damar amfani da maganin ɗigawa don bincike a 1971, irin wanda ke faɗaɗa ƙwayar ido a leƙa ciki. Virginia ta Yamma ta ba da izinin maganin warkarwa a 1976, Karolina ta Arewa ta bi a 1977. Sai da aka kai 1998 kafin ƙasar gaba ɗaya ta amince da hakan. Massachusetts kuwa ba ta bari su yi maganin hawan jinin ido, wato gulakoma, ba sai a farkon 2021, ita ce ta ƙarshe. Wannan cuta na cin gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ta fi kuma yawa a cikin baƙaƙen fata. Shekaru da dama mai gulakoma a Boston sai ya jira layin babban likita a kan maganin da ake rubutawa a ƙaramin asibitin unguwa a jahar da ke maƙwabtaka.

Rigimar yau a kan lesa take, da allura, da cire ƙananan ƙurajen fatar ido. Oklahoma ta rubuta izinin lesa a dokarta tun 1998, ta kuma daɗe ita kaɗai. Kentucky ta shigo a 2011, Louisiana a 2014, Arkansas a 2019, Mississippi da Wyoming a 2021, Virginia da Colorado a 2022. Yawancinsu jahohi ne masu faɗin karkara, inda babban likitan ido ke da nisa. A Kaliforniya majalisa ta amince da irin wannan doka a 2022, amma gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, yana mai nuni da tazarar horo tsakanin sana'o'in biyu. A Arkansas masu adawa sun so a kai dokar gaban masu zaɓe, kotun ƙolin jahar ta cire batun daga ƙuri'ar 2020.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Likitocin awon ido na cewa su ne suka fi yawa, su ne ke zaune a ƙananan garuruwa, kuma tsoho bai kamata ya yi tafiyar awoyi don aikin ƴan mintoci ba. Manyan likitoci na cewa lesa tiyata ce ko da ba a ga jini ba. Suna kafa hujja da wani bincike da mujallar JAMA Ophthalmology ta buga a 2016 a kan Oklahoma: kusan kashi 36 cikin 100 na idanun da likitocin awo suka yi wa lesar gulakoma an sake yi musu, a hannun manyan likitoci kuwa kusan kashi 15. Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa su da gangan suke raba aikin gida biyu, don haka lissafin bai nuna kuskure ba. Abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne kuɗi. Duk aikin da doka ta mayar daga wannan hannu zuwa wancan, kuɗin inshora na bin sa, kuma ƙungiyoyin biyu na kashe dukiya mai yawa wajen neman goyon bayan ƴan majalisa. Shi ya sa taswirar izini ta fi kama da sakamakon kokawar siyasa fiye da na binciken lafiya.

Tarayya ba ta tsame hannu gaba ɗaya ba. Ita ke rarraba magunguna masu sa maye gida-gida, kuma da ta tsaurara matsayin maganin ciwo na hydrocodone a 2014, likitocin awo a jahohi da yawa suka wayi gari ba su da izinin rubuta shi, sai da majalisunsu suka gyara doka. Tun 1978 kuma wata ƙa'idar tarayya ta wajabta a miƙa wa majinyaci ordonans ɗin tabaransa bayan awo, ya je ya saya inda ya ga dama. A asibitocin tsofaffin sojoji na tarayya, lasisin jaha guda ya wadatar.

Mai ƙaura da mai zuwa daga waje

Lasisi ba ya bin mai shi idan ya sauya jaha. Jahohi da yawa na karɓar wanda ya riga ya yi aiki a wani wuri ba tare da ya maimaita jarrabawar ƙasa ba, amma kowace da sharaɗinta: yawan shekarun aiki, tsabtar tarihi, ko ƙarin horo idan jahar da ya baro ba ta kai tata faɗin izini ba.

Ga wanda ya yi karatu a waje hanyar ta fi tsawo. Difilomar Turai ko ta Afirka ba ta isa a zauna jarrabawa a mafi yawan jahohi, sai an samu digirin makarantar da Amurka ta amince da ita. Kwalejin awon ido ta New England da ke Boston na da shirin shekara 2 don irin waɗannan. Mai haɗa tabarau ya fi samun sauƙi, domin jahohi 20 da ƴan kai ne kawai ke neman lasisi a kan sana'arsa, a sauran kuwa mai shago ne ke yanke hukunci. Ɗan Nijar da ya koyi aikin ido yana shirin bin dangi zuwa Niyok ko Greensboro, abin da zai fara nema shi ne sharuɗɗan hukumar jahar da zai sauka, don na Niyok daban, na Karolina ta Arewa daban.