Ogan Mai Bututu: Daga Filin Wasa zuwa Taken Telebijin

A ƙasashen Turai da Amurka a yau, ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga babban zauren taro ya tarar ana kaɗa taken wani shirin telebijin, kamar Doctor Who ko Game of Thrones, da ogan mai bututu. Waɗansu na ganin wannan zubar da girman abin kiɗan ibada ne. Amma tarihin ogan bai goyi bayansu gaba ɗaya ba.

Ogan dai tarin sarewa ne na ƙarfe da katako, ana hura musu iska da zugazugi irin na maƙera, mai kiɗa kuwa yana danna maɓallai da yatsu, yana taka waɗansu da ƙafa. Wani masani mai suna Ketesibiyus ne ya ƙago shi a Iskandariya cikin ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Romawa suka ɗauka suna kaɗa shi a filayen wasa, inda jarumai ke gwabzawa. A shekarar 757 Sarkin Rumawa na Kustantiniya ya aika wa Fefin, Sarkin Farankawa, da ogan a matsayin kyauta, sai wajen ƙarni na 10 ya zauna sosai a majami'u. Watau ya yi fiye da shekara dubu yana hidimar nishaɗi da sarauta kafin ya zama na ibada.

Da ya zauna a majami'a, shugabanni suka yi ta kishinsa. A 1903 Paparoma Piyus na 10 ya fitar da umarni mai hana salon gidajen wasa a cikin ibada. Ba a daɗe ba sai sinima ta janye ogan waje. Finafinan farko ba su da murya, ɗaukar makaɗa da yawa kuwa yana da tsada. A 1910 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya haɗa kai da wani Baturen Ingila, Robat Hof-Jons, suka ƙera ogan mai ganguna da ƙararrawa da kukan tsuntsu da sukuwar doki, yadda mutum ɗaya zai ɗauke aikin ƙungiya guda. Kamfanin ya ƙera fiye da 2,000.

Fim mai magana ya fito a 1927, kasuwar nan ta fara mutuwa. Rediyo ce ta ceci sana'ar. Rejinal Dikson ya yi shekara 40, daga 1930 zuwa 1970, yana kaɗa ogan a zauren rawa na Hasumiyar Bilakful, BBC tana watsawa. Ita kanta BBC ta kafa nata ogan a 1936. A Amurka kuma, wasannin kwaikwayo na rana sun dogara ga ogan, galibi na lantarki, a rediyo sannan a telebijin, har cikin shekarun 1970. Duk da haka an rushe gidajen sinima masu yawa, shi ya sa a 1955 masu sha'awa suka kafa ƙungiya a Amurka domin ceto abin da ya saura.

Dalilin da ya sa taken telebijin ya dace da ogan a fili yake. Take gajere ne, an yi shi don a gane shi nan take, kamar yadda ake gane basarake da jin tambarinsa. Ogan kuwa yana da bututu masu kwaikwayon kakaki da sarewa da goge, kuma sautinsa ba ya dusashewa muddin yatsa na kan maɓalli. Hannun dama ya riƙe karin waƙa, na hagu ya cika, ƙafafu su ba da amo mai zurfi.

Batun ya wuce na sha'awa kawai. Ogan na zauren Royal Albert Hall a Landan yana da bututu 9,999, gyaran irinsa kuwa sai ƙwararru da kuɗi masu yawa. Masu zuwa majami'a sun ragu a Yammacin Turai, an rufe da yawa, an sayar da ogan ɗinsu ko an wargaza. Makaɗa irin su Ana Lafwud, wadda bidiyonta na kiɗan finafinai ya bazu a intanet tun 2022, sun jawo matasan da ba su taɓa jin sunan Bak ba, suna kuma haɗa musu da tsofaffin ayyukan a zama ɗaya.

Masu suka suna da gaskiya cewa wurin ibada yana da ladabinsa. Amma a zauren taro, ogan ya koma aikin da aka san shi da shi tun zamanin Romawa. Kuɗin ƙofar masu zuwa jin take yana cikin abin da ke biyan mai gyara, yana kuma kawo yaran da za su koyi sana'ar.