Ma'aunin ruwa da littafin rubutu: aikin masu bincike a ƙasar Adar

Wanda ya ratsa Madawa, Buza da Keita yakan ga jerin duwatsu a gonaki da layukan bedi a kwarin Majiya. Kaɗan ne ke tuna cewa kafin su yawaita sai da wasu mutane suka share shekaru suna awo.

Daga 1966 zuwa 1971, ma'aikatan cibiyar binciken gandun daji ta Faransa, CTFT, sun riƙe tashar gwaji a Allokoto. Aikinsu ba na gaggawa ba ne. An kasa fili kashi-kashi, wani a nome shi yadda aka saba, wani a yi masa shingen tare ruwa. Duk sa'ad da sama ta zuba, sai a duba ma'auni, a auna ruwan da ya gangara, a kwashe laka a shanya, a ɗora bisa sikeli, a rubuta. Damina shida aka yi ana haka kafin J.C. Delwaulle ya buga sakamakon a 1973, domin damina ɗaya ba ta isa shaida ba.

Haka al'amarin ya kasance a Majiya, inda ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa bedi a 1975 don kare gonaki daga iska. Masu bincike sun bi gona-gona suna auna ƙarfin iska da nauyin hatsi, har suka nuna cewa gonar da ke bayan itatuwa ta fi albarka. Da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, an sami irin wannan ilimi a ajiye, mata kuwa su ne mafi yawan masu ɗaukar dutse.

Sai dai akwai abin dubawa. Rahotannin da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, da yawa kuma suna ɗakunan karatu na Turai. Ƴan ƙauyen da suka tashi da asuba suna duba ma'auni, da wuya a ga sunansu a bangon littafi. Hakkin malamai da ƙungiyoyin al'adu ne su nemi dattawan da suka rage, su rubuta abin da suka sani da Hausa tun ƙwaƙwalwa ba ta shige ƙasa ba.